Layin Jirage a Sararin Sama: Yadda Kwamfuta Ke Taimakawa Wajen Tsara Saukarsu

Gabatarwa

Garin Jibiya na Jihar Katsina yana ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da suka haɗa Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Ta nan hanyar mota da ta taso daga Katsina ta bi Magama, ta tsallaka Ɗan Isa, ta zarce Maraɗi. Duk wanda ya san wannan hanya ya san layin manyan motoci da kan taru a bakin shingen kwastan. In layi ya yi tsawo, direba sai ya kashe mota, ya shimfiɗa tabarma a inuwarta, ya jira har a zo kansa. Iyakar hasararsa ita ce lokaci.

A can sama da kawunan waɗannan direbobi akwai wata iyakar da ido ba ya gani, kuma akwai wani layin. Jiragen da suka keto Hamada daga arewa za su sauka Kano ko Katsina su ma jira suke a ba su hanya. Bambancin kawai shi ne jirgin sama ba ya tsayawa. Muddin yana sama, dole ya yi ta tafiya, yana kuma ƙona mai. Saboda haka layinsa ba a bakin ƙofa ake haɗa shi ba, tun daga nesa ake tsara shi, da lissafi. Wannan darasi zai bayyana yadda ake wannan lissafi, da dalilin da ya sa aka shigo da kwamfuta cikinsa, da kuma abin da ya sa iyaka irin ta Jibiya take da muhimmanci a cikin aikin.

Su Wa Ke Kula da Sararin Sama?

Jiragen sama sun fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925, lokacin da wasu jirage uku na sojojin saman Ingila suka iso daga Masar. A wancan zamani matuƙi da idonsa yake aiki, sararin sama kuwa fili ne fetal. Da jirage suka yawaita, sai ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Shikago na Amurka a 1944, wadda ta haifar da hukumar ICAO mai tsara dokokin sufurin sama. A ƙarƙashin tsarinta an raba sararin samaniyar duniya yanki-yanki, kowane yanki da cibiyar da ke kula da shi.

Yankin da ya rufe Nijeriya sunan Kano yake ɗauke da shi. Hukumar NAMA, wadda aka kafa da doka a 1999, ita ke gudanar da shi, da cibiya a Kano mai kula da arewa, da wata a Legas mai kula da kudu. Daga arewa da Jibiya kuwa yankin Yamai ne, wanda ke hannun hukumar ASECNA. Ita wannan hukuma an kafa ta a 1959, hedkwatarta na Dakar, kuma akasarin ƙasashen da ke cikinta masu amfani da harshen Faransanci ne. Ke nan jirgin da ya biyo ta kan Maraɗi ya nufi Kano zai sauya hannu: jami'in Yamai ya sallame shi, jami'in Kano ya karɓe shi. Kafin haka cibiyoyin biyu sun riga sun sanar da juna lambar jirgin, da tsayin da yake tafiya a kai, da lokacin da ake sa ran zai iso iyaka.

Bayan cibiyar yanki akwai matakai biyu. Na farko shi ne jami'in da ke karɓar jirage in sun kusato fili, ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu shi ne jami'in hasumiya, wanda ke ba da izinin sauka a kan titin jirgi. Aikinsu ya yi kama da na mai ba da hannu a mahaɗar titi, sai dai su ba su da ikon cewa kowa ya tsaya.

Haɗari Iri Biyu

Jami'in da ke jera jirage yana tsakanin haɗari biyu ne. Na farko shi ne jirage su matsi juna. Ranar 7 ga Nuwamba 1996, wani jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 727 ya taso daga Fatakwal zuwa Legas. Yana gab da isa sai ya sami kansa a hanyar wani jirgin da ya taso daga Legas. Matuƙin ya yi ƙoƙarin kaucewa, jirgin ya ƙwace masa, ya faɗa cikin ruwa kusa da Ejirin. Duk mutum 144 da ke ciki suka rasu. Bincike ya nuna an sami kuskure wajen raba jiragen biyu.

Haɗari na biyu shi ne jira ya yi yawa. Ranar 25 ga Janairu 1990, jirgin kamfanin Avianca na ƙasar Kolombiya ya doshi birnin Niyu Yok cikin mummunan yanayi. Saboda cunkoso aka sa shi shawagi a wurare uku, jimlar minti 77. Da ya zo sauka bai dace ba a karon farko, yana cikin zagayowa mai ya ƙare, injuna suka mutu. Mutum 73 suka rasu daga cikin 158. Masu bincike sun ɗora laifi a kan matuƙan da ba su fito fili sun ce suna cikin halin gaggawa ba, sun kuma nuna gazawar tsarin da ya bar jirage suka taru fiye da abin da filin zai iya ɗauka.

Darasin a nan shi ne, tazara in ta yi kaɗan haɗari ce, in ta yi yawa kuma layi ya yi tsawo, mai ya ƙone. Aikin jami'i shi ne ya sami daidai.

Dokar Tazara

A inda babu na'urar hangen jirage, wato rada, jami'i da rahoton matuƙi yake aiki. A irin wannan hali akan bar tazarar kamar minti 10 tsakanin jirage biyu da ke bin hanya ɗaya a tsayi ɗaya. Jirgin da ke tafiyar mil 480 a awa kan ci mil 80 a wannan lokaci. Da rada kuwa, tunda jami'i na ganin kowane jirgi a allo, tazarar kan sauko zuwa mil 5 a kan hanya, da mil 3 a kusa da fili. Mil ɗin da ake nufi a nan shi ne mil na teku, wanda tsawonsa mita 1,852 ne. A 2010 aka ƙaddamar da shirin rada na ƙasa baki ɗaya a Nijeriya, mai tashoshi tara, cikinsu har da ta Kano da ta Talatar Mafara a Jihar Zamfara.

Amma akwai wani abin da ke hana mil 3 ta wadatar a kowane lokaci. Fiffiken jirgi yana ɗaga shi ne saboda matsin iskar da ke ƙarƙashinsa ya fi na samansa. A bakin fiffike iskar ƙasa kan nannaɗo ta haye sama, sai ta bar guguwa biyu masu juyawa a bayan jirgin, ɗaya a kowane gefe. Gwargwadon nauyin jirgi, gwargwadon ƙarfin guguwarsa. Ƙaramin jirgi in ya afka cikin guguwar babba tana iya mirgina shi, a daidai lokacin da yake kusa da ƙasa, ba shi da sararin gyarawa.

Don haka hukumar ICAO ta kasa jirage bisa nauyi. Babba shi ne mai nauyin kilo 136,000 zuwa sama, kamar Boeing 747 da aka daɗe ana jigilar alhazai da shi. Matsakaici shi ne wanda ke tsakanin kilo 7,000 da 136,000, kamar Boeing 737. Ƙarami shi ne mai kilo 7,000 zuwa ƙasa. Akwai kuma aji na musamman da aka ware wa Airbus A380. Ga tazarar da aka saba amfani da ita wajen sauka:

Babba a bayan babba: mil 4
Matsakaici a bayan babba: mil 5
Ƙarami a bayan babba: mil 6
Ƙarami a bayan matsakaici: mil 5
Sauran (ban da a bayan Airbus A380): mil 3

Mai karatu zai lura cewa tazarar ta dogara ne a kan wane ne a gaba, wane ne a baya. Babba a bayan matsakaici mil 3 ya ishe shi, amma in aka juya su sai mil 5. Daga nan lissafin jeri ya samo asali.

Misali da Jirage Huɗu

A ɗauka lokacin dawowar alhazai ne, jirage huɗu sun doshi Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano kusan lokaci ɗaya. Biyu manya ne daga Jidda, a kira su B1 da B2. Biyu matsakaita ne na cikin gida, a kira su M1 da M2. Bisa lokacin isowarsu jerin ya zama B1, M1, B2, M2. A ɗauka kuma dukkansu suna tafiyar mil 150 a awa a gangaren ƙarshe, wato mil ɗaya cikin daƙiƙa 24.

In aka bi ƙa'idar wanda ya riga zuwa shi zai riga sauka, tazarar za ta zama 5 da 3 da 5, jimla mil 13. Wannan daƙiƙa 312 ke nan tsakanin saukar na farko da na ƙarshe.

In aka sa matsakaitan a gaba, wato M1, M2, B1, B2, tazarar za ta zama 3 da 3 da 4, jimla mil 10, wato daƙiƙa 240. An sami rarar daƙiƙa 72 ba tare da an tauye dokar tazara ko kaɗan ba.

Sai dai wannan jeri ya mai da B1 na uku alhali shi ya fara zuwa, ga shi ya yi doguwar tafiya. In aka bar lissafi ya yi yadda ya so, a fili mai cunkoso za a yi ta tura wani jirgin baya muddin sababbi na zuwa. Don magance wannan, wani mai bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Roger Dear, ya kawo shawara a 1976 cewa a ƙayyade yawan gurbin da za a iya gusar da jirgi daga matsayinsa na asali. In aka ce kada a gusar da kowa fiye da gurbi ɗaya, ɗaya daga cikin jerin da suka fi kyau shi ne M1, B1, M2, B2. Tazararsa 3 da 5 da 3, jimla mil 11, wato daƙiƙa 264. An rage daƙiƙa 48, kuma ba a zalunci kowa ba.

Daƙiƙa 48 kamar ba komai ba ce. Amma filin Heathrow na Landan yana karɓa yana sallamar jirage wajen 1,300 a rana a kan titi biyu kacal. A irin wannan wuri, 'yan daƙiƙun da aka tsimi a kan kowane jirgi su ne ke zama awoyi kafin dare.

Me Ya Sa Sai da Kwamfuta?

Jirage huɗu ana iya jera su hanyoyi 24, wato 4 × 3 × 2 × 1. Ɗalibi zai iya gwada su duka a takarda. Jirage 10 kuwa hanyoyin jera su 3,628,800 ne. In suka kai 20, adadin ya zama mai lambobi 19, wanda ko na'urar da ke duba jeri miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa sai ta shekara wajen 77,000 kafin ta gama. Ke nan ita kanta kwamfutar ba duka take dubawa ba. Ƙa'idar ƙayyade gurbi da aka ambata a sama tana zubar da mafi yawan hanyoyin tun farko, sai a saura da waɗanda za a iya lissafawa nan take.

Ɗan Adam kuma yana da iyaka. Jami'i na magana da matuƙa ta rediyo, yana kallon allo, yana rubutu a kan 'yan guntayen takardun da ke ɗauke da bayanin kowane jirgi, ga wayar maƙwabtan cibiyoyi. Zai iya jera jiragen da ke gabansa da gwaninta, amma da wuya ya riƙe a ka lokacin isowar jirgin da ke nesa da minti 40.

Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro manhajojin tsara sauka. A Jamus an fara aiki da wata mai suna COMPAS a filin Frankfurt a 1989. Faransa ta samar da tata mai suna MAESTRO don filayen Faris. A Amurka hukumar NASA ta gina tsarin CTAS ƙarƙashin jagorancin Heinz Erzberger, aka kuma girka sashensa mai tsara lokacin isowa a cibiyar Fort Worth ta Jihar Texas a 1996.

Yadda Manhajar Ke Aiki

Ko da yake sunayensu sun bambanta, matakan aikinsu kusan ɗaya ne.

Mataki na farko shi ne tattara bayani. Daga rada manhajar ke samun wurin da jirgi yake da tsayinsa da saurinsa. Daga takardar shirin tafiya take sanin irin jirgin da hanyar da zai bi. Daga ma'aikatar yanayi kuma take samun ƙarfin iska da inda ta dosa a kowane mataki na sama.

Mataki na biyu shi ne hasashe. Manhajar kan lissafa lokacin da kowane jirgi zai taɓa ƙasa da a ce shi kaɗai ne a sama. Iska na da babban tasiri a nan, domin jirgin da iska ke tura shi ta baya zai riga wanda ke fuskantar ta isowa, ko da injunansu na aiki daidai wa daida.

Mataki na uku shi ne jeri da rabon lokaci. Manhajar kan jera jiragen, ta sa tazarar da doka ta ce, ta ba kowane jirgi lokacin saukarsa. Bambancin da ke tsakanin wannan lokaci da na hasashe shi ne jinkirin da jirgin zai yi.

Mataki na huɗu shi ne shawara. A allon jami'i akan ga wani tsani mai alamun mintoci, sunayen jirage na gangarowa a kansa, kowanne da lambar da ke nuna mintocin da ya kamata ya rage ko ya ƙara. In jirgi ya matso sosai, manhajar kan daina taɓa gurbinsa, don kada a yi ta sauya wa matuƙi umarni.

Manhajar ba ta magana da matuƙi, ba ta kuma ba da umarni. Jami'i ne ke yanke hukunci. In jirgi ya zo da mara lafiya, ko mai ya yi masa ƙaranci, ko inji ya sami matsala, jami'i kan sa shi gaba, manhajar ta sake lissafin sauran.

Hanyoyin cinye jinkiri uku ne. Ko a rage wa jirgi sauri, ko a tsawaita masa hanya, ko a sa shi shawagi yana zagaya wuri ɗaya. Shawagi shi ya fi tsada, domin akan yi shi ne ƙasa-ƙasa inda iska ke da kauri, inji kuma ya fi shan mai. Rage sauri tun jirgi na can ƙololuwa shi ya fi araha. To, amma wannan yana bukatar doguwar hanya.

Inda Iyaka ta Shigo

Matuƙa suna da wani ƙiyasi mai sauƙi: jirgi na bukatar kamar mil 3 na tafiya don ya sauko ƙafa 1,000. Jirgin da ke ƙafa 35,000 zai fara gangarowa tun yana nesa da mil 105 ke nan. Daga Jibiya zuwa Kano a miƙe kimanin kilomita 185 ne, wato wajen mil 100. Ma'ana, jirgin da ya biyo ta wannan kusurwa zai sauka Kano, yana tsallako iyaka lokacin gangarowarsa ya yi. Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina kuwa ya fi kusa da iyakar ƙwarai, har jirgin da ya nufe shi daga arewa zai yi mafi yawan gangarowarsa ne a sararin Nijar.

A duba abin da wannan ke nufi a lissafi. In aka rage saurin jirgi daga mil 480 zuwa 460 a awa, a tsawon mil 100 rabin minti kawai za a samu. In aka yi wannan ragin tun daga nisan mil 350, za a sami kusan minti 2. Mil 350 kuwa kilomita 650 ne, wanda in aka auna daga Kano zuwa arewa ya wuce Agadas. Ke nan jami'in da zai iya yi wa layin Kano gyara mafi araha a Yamai yake zaune. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

An gwada wannan a Turai. Daga 2014, in ana hasashen cunkoso a Heathrow, kwamfutar Landan kan aika bayani ga jami'an Faransa da Ailan da cibiyar Maastricht ta ƙasar Holan, su kuma su rage wa jiragen sauri tun suna nesa da mil 350. A 2015 filin ya ƙara wani sabon tsari, inda ake auna tazarar sauka da daƙiƙa maimakon mil, domin in iskar gaba ta yi ƙarfi jirgi kan daɗe kafin ya cinye mil ɗaya, guguwar fiffike kuma kan watse da wuri.

Filayen Kano da Katsina ba su da cunkoso irin na Landan. Matsinsu na lokaci-lokaci ne. Akwai lokacin aikin Hajji, da manyan jirage kan yi ta zuwa a 'yan makonni. Akwai kuma hunturu, da hazo kan rufe gari, gani ya ragu, a ƙara tazara, wani lokaci a karkatar da jirage zuwa wani filin, su je su ƙara wa layin can tsawo. A irin waɗannan ranaku ne sanin lokacin isowar jirgi tun da wuri yake da rana.

Shekarar 2023 ta nuna yadda sama da ƙasa suke ɗaure da juna. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar a watan Yuli, an rufe iyakar ƙasa, har da ta Jibiya, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Ranar 6 ga Agusta kuma Nijar ta rufe sararin samaniyarta na kusan wata guda. Jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da Nijeriya suka koma zagaye, tafiya ta ƙaru, mai ya ƙaru, lokutan isowa suka sauya. Duk ƙwarewar manhaja, da bayanin da aka ba ta take aiki, bayanin kuwa sai maƙwabta na magana da juna yake samuwa.

Kammalawa

Tsara saukar jirage ya ƙunshi kimiyyar iska, da lissafin jeri, da ilmin yanayi, da aikin kwamfuta. Kwamfuta na hango nesa, tana lissafi da sauri, ba ta gajiya. Jami'i kuma shi ke da hukunci, shi ke ɗauke da amanar rayuka. Ana horar da irin waɗannan jami'ai a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da kuma makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA da ke Yamai. Ɗalibin da ke sha'awar wannan aiki ya riƙe darussan lissafi da fiziks da labarin ƙasa da kyau, ya kuma ƙware a Ingilishi, domin da shi ake magana da matuƙa a sufurin ƙasa da ƙasa.

Tambayoyi Don Aji

1. Me ya sa matsakaicin jirgi ke bukatar mil 5 a bayan babba, alhali babba mil 3 ya ishe shi a bayan matsakaici?

2. Jirage biyar sun iso a wannan jeri: babba, ƙarami, matsakaici, babba, ƙarami. A lissafa jimlar tazararsu. Sa'an nan a nemo jerin da ya fi gajarta in ba a gusar da kowane jirgi fiye da gurbi ɗaya ba.

3. Jirgi na tafiya a ƙafa 31,000. Daga nisan mil nawa ya kamata ya fara gangarowa? Kilomita nawa ke nan?

4. Hanyoyi nawa za a iya jera jirage 6? In kowace hanya na cin ɗalibi minti ɗaya, awa nawa zai yi kafin ya gama?

5. A taswirar Afirka ta Yamma, a kafa tsinin kamfas a kan Kano, a zana da'ira mai nisan kilomita 650. Ƙasashe nawa da'irar ta shiga, kuma me wannan ke nunawa game da aikin cibiyar Kano?